Yaya na'urar saiti mai jairo take aiki a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu?

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum. Malamai, mai harbin tsuntsu da danƙo ya san sai ya auna gaban tsuntsun, ba jikinsa ba. To an ce a yaƙin Hitila akwai na'urar da ke yi wa matuƙin jirgi wannan lissafin. Ta ina ta san gudun abokin gaba alhali babu kwamfuta?

Malamin fiziks, Yelwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba gudun abokin gaba take aunawa ba, juyin jirginka take aunawa. Muddin kana bin sa da hancin jirgi, saurin juyinka shi ne saurin gilmawarsa. Sai a ninka da lokacin da harsashi zai ɗauka kafin ya isa. Misali, a nisan mita 300 harsashi kan ci kusan daƙiƙa 0.4. In kana juya digiri 10 a daƙiƙa, sai ka wuce gabansa da digiri 4.

A ciki akwai ƙaramin madubi da mota ke juyawa kusan sau 3,000 a minti, a kan gaɓa mai lanƙwasa ta kowane gefe. Wannan madubin mai juyi shi ne jairo. Kamar katantanwa, in yana juyi ba ya son a karkatar da shi, don haka in jirgi ya juya sai ya tsaya baya. A bayansa akwai ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa tsakanin koyil na maganaɗisu, su ne ke jawo shi ya biyo jirgin. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar mitar NEPA ya ga faifan nan da maganaɗisu ke riƙe wa gudu, to dabarar ɗaya ce. Wuta da yawa a koyil, riƙo ya yi ƙarfi, madubi ya biyo da sauri. Wuta kaɗan, ya yi ta jan ƙafa. Hasken kwan fitila na bugun madubin ya faɗo kan gilashin da ke gaban matuƙi, ɗigon saiti ya koma baya. Kafin ya ɗora ɗigon a kan abokin gaba, dole ya ƙara jan hancin jirgi, bindigogi kuwa sun riga sun kalli inda ya dace.

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Na gode Malam. Amma nisan fa, wa ke gaya mata?

Mai gyaran lantarki, Muda Lawal:
Matuƙi ne da hannunsa. Da farko zai saita faɗin fukafukan jirgin da yake farauta, misali a jiragen Jamus, na Bf 109 kusan ƙafa 32, na Fw 190 kusan 34. A gilashi akwai ɗigo shida da suka kewaye na tsakiya. Mariƙin totur ana murɗa shi kamar na babur, zoben ya buɗe ko ya tsuke har ya taɓa bakin fukafukan biyu. Wannan murɗin shi ke rage ko ƙara wutar koyil. Ma'aunin daga yadi 200 ne zuwa 800.

Inda ake ɓata aiki: in ka saita faɗin jirgin bama-bamai kana bin ƙaramin jirgi, nisan ƙarya za ta samu, harsashi ya tafi iska. Fizgar sitiyari ma na sa ɗigon ya yi ta yawo, shi ya sa ake koyar da matuƙa su bar mariƙin a nisa mafi kusa har sai sun daidaita, sannan su riƙe saiti na aƙalla daƙiƙa ɗaya kafin harbi.

Malamin fiziks, Yelwa, Bauchi:
Haka ne Oga. A Farnborough ta Ingila aka ƙirƙiro ta, kamfanin Ferranti ya ƙera samfurin Mk II a Edinburgh, ta shiga jiragen Spitfire a 1944. Amurka ta kwaikwaya ta kira tata K-14, ta sa a P-51 Mustang. Jamus ma ta fito da EZ 42 ta kamfanin Askania, amma a lokacin yaƙin ya kusa ƙarewa, jirage kaɗan ne suka same ta.