Wane kala ne ke hawa da jinin kare?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Bikin ƙanwata saura mako uku, kuma an fitar da ankon dina: leshi ne jinin kare, irin mai duhun nan kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. Ɗinki ya fito, matsalar ita ce ɗaurin kai da mayafi.

Na je Kantin Kwari da ƙyallen a jakata, na yi ta karawa. Ruwan gwal ya hau, amma kusan kowa a dangi shi zai saka, ni kuwa babbar yaya ce, ina so in ɗan fita daban. Ruwan hoda sai ya mayar da ni kamar 'yar yarinya. Baƙi kuma ya haɗiye kalar gaba ɗaya, ga shi ni baƙa ce, taron kuma da daddare.

Mai shagon ya dage wai in ɗauki ruwan toka mai sheƙi (ina zargin shi ya rage masa). Zuciyata ta fi karkata ga ruwan madara. Wadda ta taɓa haɗa ɗaya cikinsu, yaya ya fito a hoto? Takalmi da jaka fa, su bi mayafin ko leshin?