Abin da Makaɗan Kaduna Suka Ce Kan Sayen Jitar Bes

Da aka zauna da masu kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, a coci-coci da wuraren biki, daga Sabon Tasha zuwa Barnawa, bakinsu ya zo ɗaya: ɗan koyo ya fara da mai tsirkiya 4. Mai 5 tana ƙara murya ta ƙasa, 'yan coci na sonta, amma wuyanta ya fi faɗi.

Gardamar ta tsaya kan samfuri biyu na kamfanin Fender. Precision, wadda ta fito a 1951, muryarta kauri gare ta. Jazz ta 1960 siririn wuya ne da ita, da maganaɗisun ɗaukar sauti biyu. A ganina mai ƙaramin hannu ya fi sakewa da Jazz. In aljihu bai kai ba, jitar Squier ko ta Yamaha ta wadatar.

Inda aka fi daɗewa shi ne hunturu. Iskar Disamba na busar da katako, wuya ya motsa, bakin ƙarafan da ke jere a kan wuyan ya fito yana kartar yatsa. Mai sayen ta hannu ya ɗaga ta saitin ido ya duba ko wuyan ya karkace, ya danna kowane gurbi ya ji ko tana zuzu. Ƙarfen cikin wuyan kuwa, wanda ake miƙar da wuyan da shi, kwatan juyi ake murɗa shi, a jira kwana guda.

Batun sauya maganaɗisu, wani dattijo ya ce a fara da sabuwar tsirkiya tukuna. Jita mai amfani da batirin volt 9 kuma, a zare mata waya bayan kiɗa, in ba haka ba batirin ya ƙare.