Kwana biyu a Liyon tare da Hajiyarmu: ina za mu je, me za mu ci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Faris ne ya matsa sai an kai Hajiyarmu birnin Liyon da ke Faransa, ya sayi tikitin jirgin ƙasa na TGV, tafiyar kimanin awa 2, sai makon jiya ya ce jarrabawa ta hana shi rakiya, bayan na riga na biya masauki kusa da tashar Part-Dieu, kuma ba a mayar da kuɗin. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, amma ta ƙwallafa rai sai ta hango birnin daga tudun Fourvière. Abinci kuwa shi ya fi damuna.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Na san garin nan ciki da bai. Kada ku kuskura ku shiga gidajen abincin gargajiya da suke kira bouchon, domin naman alade ne ginshiƙin girkinsu. Unguwar Guillotière ba ta da nisa da masaukinku, akwai kuskus da naman halal a wurin mutanen Arewacin Afirka. Batun tudu kuma a bar shi, a kai Hajiya lambun Tête d'Or, fili ne shimfiɗaɗɗe, shiga kyauta.

'Yar'uwa daga Maraɗi: A yi mini afuwa, Alhaji. A bouchon ɗin ma akwai wani abinci mai suna quenelle da ake yi da kifi, sai dai a tambaya ko an zuba giya a miyar. Tudun ma ba sai da ƙafa ake hawansa ba, akwai ɗan jirgi da igiya ke ja daga tashar Vieux Lyon.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ban manta da yunwar da na sha ba. Ƙarfe 3 na rana na shiga wani gidan abinci, aka ce an rufe kicin sai 7 na yamma, ko kujera ba a nuna mini ba.

Alhaji: Wanda ya bi shawarata ba ya haɗuwa da wannan. Kifin ma ai tukunyarsa ɗaya da aladen. Ku je babban masallacin da aka buɗe a 1994, ku tambayi jama'a a can.

Mai tambaya: Na gode, Alhaji, amma ba lambu ya kawo Hajiya Faransa ba, kuskus kuma muna ci a gida. Tudun za mu hau.

'Yar'uwa daga Maraɗi: To, Yaya, waɗanne ranaku za ku sauka? Gidan tarihi na Confluences galibi ba ya buɗewa ranar Litinin.

Mai tambaya: Tikitin yana hannun ƙanena, kuma tun jiya bai ɗauki wayata ba.