Wai mu masu rubutu a waya ba marubuta ba ne?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni ra'ayinku don abin ya tsaya min a rai tun jiya. Mun je wani taron marubuta, wani babban malami ya miƙe ya ce duk mai sakin labari a WhatsApp ko Wattpad ba marubuci ba ne, surutu kawai yake tunda ba wanda ya tace masa. Ni shekarata huɗu ina rubutu, sai yara sun yi barci nake ɗaukar waya, kuɗin kai littafi maɗaba'a kuwa ba ni da shi wallahi. Gaskiya ya faɗa?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki sa a ranki, tsohuwar magana ce. A shekarun 1980 da matasa suka fara buga labaran soyayya da kuɗin aljihunsu a Kano, don manyan kamfanoni sun fi karkata ga littattafan makaranta, haka aka yi musu ca, aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, a 2007 ma har ƙona wasu aka yi, amma yau ga shi a jami'o'inmu ana digiri a kansu har na dokta. Mata nawa ne karatun Hausarsu ya zauna ta dalilin littattafan nan?

Malama Asabe:
Ni dai zan ɗan bambanta. Ƙanwata rubutunki rubutu ne, amma malamin yana da abin dubawa. Wasu ba ruwansu da ƙa'idar rubutu, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ga masu cusa batsa don a sayi littafi, su suke ja muku zagi.

Maman Hanan:
Anti na yarda da maganar batsa, ni ma tana min ciwo. Amma ai sai a koya mana ba a kore mu ba. Kuma masu karatu suna tace mu fa, ranar da na yi kuskure kan iddar mamaci kafin asuba mutum biyar sun gyara min, har da wata daga Maraɗi.

Malama Asabe:
To madalla. Turo min babi ɗaya in duba miki yadda kike raba kalmomi, kuma ki gwada shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yin ta don mata.