Bana nika gama lisansi a Maraɗi, ta ina ake fara neman aiki?

Ɗan agro na Zariya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nika nema wurin yayyinmu da sunka riga mu hita. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, sashen noma, shekara ta ukku, in Allah ya yarda bana nika gama lisansi. Abin da ya sa na rubuto, shekaranjiya bayan isha'i tsohona ya kira ni zaure ya ce to malam, karatun ga naka yaushe za a fara ganin amfaninshi. Wallahi ba faɗa ya yi ba, cikin lumana ya faɗa, amma ya ƙara da cewa ƙanena da ya bar lakwal tun firamare ya bi kawunmu kasuwar Kadro yanzu shi ka sawo buhun hatsin gida, ni ko har kuɗin kabu-kabu sai an ba ni. Na rasa abin da zan ce mishi, ban yi barci ba ranar.

Tambayata, mi ya kamata in yi tun yanzu? In wuce masta kai tsaye, ko in aje dosiyen sarbis sibik, wato aikin yi ma ƙasa hidima, ko in shiga neman aiki wurin furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin raya ƙasa? Kuma kartar ANPE ɗin ga da ake ta faɗi, ta hukumar samar da aikin yi, tana da wani amfani ko ko takarda ce kawai? CV na babu komi ciki in ban da bak da sunan jami'a, kunya ma nika ji in kai ma wani. Sitaj ɗinmu na ƙarshe, wato zuwa koyon aiki a wata ma'aikata, ya kusa kuma ban san inda zan nema ba.

Yayanku na Jiratawa:

Wa alaikumussalam ƙanena. Na bi ta inda kake ɗin nan sak, ni ma noma na karanta, bari in gaya maka abin da da an gaya min da ban ɓata shekara guda ina zaman fada ba.

Sitaj ɗin da ka ambata a ƙarshen magana kamar wani ƙaramin abu, shi ne babbar maganar. Yawancinmu muna ɗaukar shi wani nauyi ne da za a sauke, a je a sa hannu, a kwafi rapor ɗin wani na bara, a yi sutnans, wato kare rapor ɗin gaban malamai, a wuce. Ni haka na yi na farko, na hito hannu biyu babu kowa da ya san ni. Na biyu ne da na nema da kaina bayan diflom ya buɗe min ƙofa. Wata huɗu ina bin wani tsohon teknisiyen gonakin gwaji, ba ko dala, ni ka ɗaukar mishi igiya da ma'auni, muna ƙirga zangarniyar hatsi ɗaya bayan ɗaya muna duba wadda tsutsa ta ci, rana ta dake mu, da la'asar in zauna in shigar da lambobin cikin Excel don shi idonshi ya yi rauni. Ranar da wani furoje ya zo yana neman masu anket, wato masu bin mutane da tambayoyin bincike, mutum goma, ba a ma liƙa sanarwa ba, tsohon ga aka tambaya, ya ce ina da yaro. Daga nan nike ci har yau.

Kuma kai Maraɗi kake fa, sha'anin noma ba ka da uzuri. Ga INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, nan Tarna bakin gari, can anka yi aiki sosai kan ɗan ƙwaron ga da ake saki cikin ƙananan buhunna a gona yana kashe tsutsar zangarniya, da buhun PICS mai riɓi ukku da ake aje wake ba magani. Ga fadamar Jiratawa da masu zogale da tumatir da ƙungiyoyin manoma. Ga sassaben zamani, wato barin kututturan itace su sake tohowa cikin gona ana gyara su, wanda a nan yankin namu anka fara shi wajen 1983 lokacin da Tony Rinaudo, mutumen Ostiraliya, yake aiki nan, yau ƙasashe da yawa sun ɗauka, amma ka tambayi ɗalibin agro ya nuna maka yadda ake zaɓen reshen kalgo ko sabara da za a bari da wanda za a sare sai ya tsaya yana kallonka. Ka nemi sitaj inda za ka taɓa ƙasa da hannunka, kada ka nemi biro mai sanyi.

Abu biyu ka koya kahin ka gama, Excel da KoboCollect. Kobo ɗin kyauta ne, cikin wayarka za ka sa, furoje da yawa ka anfani da shi wurin anket. Ka buɗe kont, ka haɗa tambayoyi goma, ka je ka tambayi masu saida aya ko wake guda ashirin a kasuwa, ka hiddo sakamako. Ka ga ka samu layi guda na gaskiya da za ka sa cikin CV, kuma in an tambaye ka za ka iya bayani.

Sai takardu. Takardar haihuwa, nasiyonalite (takardar ɗan ƙasa), kwafin bak da atestasiyon ta gama karatu duk a buga musu hatimi, ka yi kamar biyar biyar ka aje cikin jaka guda. Kaziye kuwa, takardar kotu mai shaida ba a taɓa yanke maka hukunci ba, wata ukku ne ranshi, kada ka yi shi da wuri ka aje. Ni na taɓa rasa wani kwankur, jarrabawar ɗaukar aiki, don kaziyena ya wuce da kwana shidda, matar da ka karɓar dosiye ta nuna min kwanan wata da biro ta maido min, ran nan ne ranar ƙarshe, na hito na zauna bakin titi kamar in yi kuka. Kartar ANPE ka yi ta, ba ita za ta ba ka aiki ba amma sanarwa da yawa suna sa ta cikin takardun da ake nema, in babu dosiyenka bai cika ba.

Mai jiran rabo:

Yaya na Jiratawa duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ka bar guda, hanya. Ni masta gare ni, shekara ukku kenan, dosiye na aje ya hi talatin, kuɗin fotokopi da tambur kaɗai da na tara da na sayi tunkiya. Wani wurin ka je antiretiyan, wato ganawa da masu ɗaukar aiki, ka ga tun da ka shiga an riga an san wanda za a ɗauka. Ba ina karya mishi gwiwa ba ne, ina son ya sani ne kada abin ya zo mishi ba zata kamar yadda ya zo min. Kuma ƙanena kada ka shiga masta don gudun zaman gida kawai, ni abin da na yi kenan, shekara biyu na ƙara kuma tambayar da aka min bayan nan ita ce dai ina ka taɓa aiki.

Ka kiyayi sanarwar da ka yawo a gurup na WhatsApp wadda ake cewa ka tura jika biyar kuɗin dosiye kahin a kira ka. An ci nawa sau ɗaya, lambar ta mutu washegari. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya ce ka tura kuɗi a lambar waya.

Yayanku na Jiratawa:

Allah ya kawo naka rabo ɗan uwa, ban musa ba akwai hanya, duk mun gani. Amma ka duba, tsohon da ya ce ina da yaro shi ma ai hanya ne, sai dai ba gadonta na yi ba, babana manomi ne bai san kowa ba. Wanda ba ya da kawu a Yamai dole ya nemi wanda zai shaide shi da aiki.

Ƴar Tibiri:

Sannunku. Ni bari in yi magana kan sarbis sibik tunda na yi shi. Shekara biyu ne, ana tura ka wata ma'aikatar gwamnati, abin da ake ba ka ba albashi ba ne ɗan alawus ne, kada ka yi lissafin aure a kai. Amfaninshi takardar da za ka samu a ƙarshe da kuma sanin yadda aikin gwamnati yake, yadda ake rubuta wasiƙa da rapor, wa ake gani kahin wa. In kana da niyyar fonksiyon publik, wato aikin gwamnati na dindindin, to ka aje dosiyenka da zarar atestasiyon ta hito don ana jira kahin sunaye su hito. Amma fa ya danganta da kai, akwai waɗanda munka yi tare sun ƙare shekara biyu suna shan shayi ƙarƙashin bedi, ni ko duk hita ƙauye da za a yi sai na roƙa a tahi da ni ko a bayan mota ne.

Abin da nika son in ƙara, don ban ji kowa ya faɗa ba, ka daina kallon ƙanenka kamar wanda ya wuce ka, ka dube shi kamar wanda ka iya koya maka. Shi ya san farashin wake ranar kasuwar Cadawa da na Agiye, ya san lokacin da ƴan Najeriya ka shigowa ta Ɗan Isa su kwashe, ya san abin da rufe iyaka na 2023 ya yi ma ƴan kasuwa. Kai kuma ka san abin da ka sa wake ya ɓaci cikin sito da yadda ake hana shi. Ni da jika arba'in na fara, cikin alawus ɗin nan na tara, ina sayen zogale ina shanya shi a inuwa bisa tabarma mai tsabta ba a rana ba don kada ya yi ja, in daka in tankaɗe in ƙulla cikin leda mai suna. Ƴan uwana har dariya sunka yi wai mai lisansi da tallan zogale. Yanzu mata ukku ka taya ni, kuma abin mamaki wannan sana'ar ita ce aka hi tambayata a kai ranar da na je antiretiyan, ba memuwar ɗina na gama karatu ba. Ban ce ka bar neman aiki ba, ina nema har yanzu ni ma, amma mai ɗan abin yi ko maganarshi gaban masu ɗauka daban take, ba ya rawar murya.

Ƴan uwana mata da ka karanta wannan, ku koyi tuƙa moto. Aikin ƙauye da yawa suna tambaya, kuma ana neman mata masu anket don akwai gidajen da namiji ba ya shiga.

Mushe mai ritaya:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da maganar mahaifinka. Shekara talatin na koyar, ɗalibaina da yawa suna kawo min takardar neman aiki in duba, abin da nika gani yana ɓata min rai, kuskure biyar shidda a shafi guda, wani ma sunan ma'aikatar da ya kwafa daga takardar abokinshi bai canza ba. CV shafi guda ya isa ga wanda bai gama ba. Kada ka sa abin da ba ka iya ba, za a zaunar da kai gaban kwamfuta a ce yi mu gani. Ka sa Hausa cikin harsunan da ka iya, ba abin kunya ba ne, amma ka tabbata ka iya rubuta ta da kuma bayyana ma manomi abin da ka karanta da faransanci ba tare da ka cakuɗa ba, ka gwada da mahaifinka ka gani ko zai gane. In ka samu dama ka ɗan taɓa ingilishi, Katsina na nan kusa da mu kuma ga layin dogo ana yi daga Kano zuwa nan.

Kuma ka koma wurinshi ka zauna, ka gaya mishi wata kaza nika gamawa, ga abin da zan yi bayan nan, ga abin da ba ya hannuna. Mu iyaye rashin sani ne ka damunmu ya hi rashin kuɗin. Lambar wayar da ka sa a CV kada ka canza ta, na san yaron da anka nema ba a same shi ba.

Ɗan agro na Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, baba mushe na yi yadda ka ce, jiya na zauna da tsoho mun daɗe, har ya ce gonarmu ta hanyar Madarumfa in ina so in ɗauki gefe guda bana in gwada abin da nika karantawa ya gani da idonshi. Masta na aje ta tukuna. Na sa Kobo cikin waya amma ban gane yadda ake haɗa tambayoyin ba, sai ya riƙa nuna min babu fom. Yaya na Jiratawa in ba damuwa ranar Lahadi zan iya hitowa in same ka? Kuma takardar neman sitaj ɗin, sunan darakta ake sawa a sama ko sunan sashen?

Yayanku na Jiratawa:

Darakta ake rubuta ma, ka haɗa da takardar da jami'a ka ba ku, ka kai da hannunka kada ka aika, in an karɓa ka tambayi ranar da za ka dawo. Fom ɗin a kwamfuta ake haɗa shi tukun sannan ya sauko waya, shi ya sa. Ka zo Lahadi bayan azahar, ka taho da CV ɗin ko babu komi ciki, da takalmin da ba ka jin tsoron ya ɓaci don daga nan fadama za mu.