Abin da na tsinta a hirarmu kan Edgar Allan Poe

Jiya mun daɗe muna hira kan marubucin waƙoƙin nan na Amurka, kuma kusan kowa cewa ya yi ka fara sanin rayuwarsa tukuna, mahaifiyarsa ta rasu a 1811 yana ɗan shekara 2, matarsa Virginia ma tarin fuka ya ɗauke ta a 1847, shi ya sa mutuwar kyakkyawar mace ke ta dawowa a baitocinsa. Wata 'yar'uwa ta ce waƙarsa The Raven (wato Hankaka) ta 1845 a bayyane ake karanta ta, da daddare, ka ji yadda hankakan nan ke nanata kalma ɗaya kamar amshi har ta zame wa mai makokin azaba. Wallahi na gwada, sai da tsigar jikina ta tashi.