Musayar waƙa tsakanin Hausawan Makka da Jidda: kiɗan tallar lemo a bakin shan ruwa

Ɗan Misfala
Jama'a barkanmu da shan ruwa. Jiya ina lazimi bayan asham, na ji autana a bayana yana rera waƙar wata tallar lemo tiryan-tiryan. Ga abin da ya fito min:

Ladani bai rufe baki ba tukun,
Talabijin ta fara kiɗa da rawa.
Udu a gaba, mandiri na biye,
Wai duk kwalbar lemo ake yi wa.
Ƙanƙara na faɗawa kofi, ƙwal,
Maƙogwaron mai azumi na tsuwa.
Ɗana da bai haddace Tabbat ba,
Waƙar talla ya iya har da shewa.

'Yar Jarwal
Alhaji, laifin kiɗa ne ko naka?
Rimot na hannunka kana lumshewa.
Mun gan ka a bakala jiya da dare,
Katan a kafaɗa, waƙar kake rerawa.
Ɗa ba ya rarrafe in dai uwa
Ta yi gudu, je ka tambayi barewa.

Na Hindawiyya
Kai! Hajiya ta gama magana. Mutanen unguwar Jarwal ta Makka ba a taɓa ku a kwana lafiya. Alhaji a nemi ruwa a sha.

Malam Mai Aruli
Kafin a raba kambu. Alhaji, ɗangonka na biyu gaɓa 12 ne, na huɗu kuma 10. Ɗaya ya yi tsalle, ɗaya na jan ƙafa. Ka san abin da ya sa yaronka ya riƙe waƙar tallar? Ba ta karya kari. Daƙiƙa talatin ce, amo ɗaya, sunan kayan yana faɗowa daidai inda ganga ke sauka, a maimaita ta tsakanin kowane shiri daga magariba har sahur. Ko dutse ne ya haddace.

Mai tallar lemo ya auna kari,
Mai zagin talla bai san aunawa.

Baban Karantina
Malam, da girmanka. Aruli, ilimin auna waƙa, ba ƙirgen gaɓa ba ne kamar ana ƙirga goro a huhu. Nauyi ake dubawa: wace gaɓa ce doguwa, wace ce gajeriya. Haka Halilu bin Ahmad na Basra ya shimfiɗa bahar 15, wato ma'aunan waƙa, daga baya aka ƙara Mutadarik suka cika 16. Kuma naka ɗangon na biyu, "bai san aunawa" ba Hausa ba ce, ina ka jefar da "ba" ta ƙarshe?

Malam Mai Aruli
Larurar waƙa ce, an halatta.

Baban Karantina
In ta Malam ce larura, in ta Alhaji ce gurguntaka. To madalla.

Na Hindawiyya
Wallahi ku biyun nan kun kashe mana zaure bara da faɗan zihafi, wato sauye-sauyen karin waƙa, kada ku sake. Ni abin da ya tsaya min a tallar, gangar da ke ƙarƙashin udun. Na rantse irin bugun mizmar ne, wanda muka taso muna gani ana juya sanda a kewaye wuta daren biki. Da na ji ta sai da ƙafata ta motsa, ina riƙe da carbi.

Baban Karantina
To bari in sauko daga kan Malam in koma kan kofi.

Ku bar faɗan baiti ku ji labari,
Jan ruwan nan ɗan Ingila ne, Yaya.
A Manchesta aka raɗa masa suna,
Ya zo Dammam ya sa jallabiya.
Yau in babu shi a tsakiyar sufura,
Yara su ce azumin bai yi ba, Hajiya.
Ni dai bar ni da sobiyata a leda,
Ba kiɗa, amma layi har bakin hanya.

Vimto nake nufi, ga wanda bai gane ba. Tun 1908 ake yin sa a can, iyalan Aujan suka shigo da shi yankin nan na Larabawa a 1927. Wato ya riga talabijin ɗin Saudiyya kanta zuwa, don ita sai 1965. Kakanninmu sun sha shi ba da waƙa ba.

'Yar Jarwal
Baba, sobiyarka in ta kwana biyu,
Tsaminta sai ya kori maƙwabta.
Zobona da citta da kanumfari,
Ƙamshi kaɗai ke yin tallarta.
Balarabe ya ce karkade, ya sha,
Ya dawo da jarka yana neman ta.

Auta Mai Shayi
Assalamu alaikum iyayena, ni sabo ne, a yi min afuwa.

Lemo ya yi tsada tun 2017,
Haraji kashi 50 aka ɗora masa,
Amma waƙar kyauta ce.

Malam Mai Aruli
Yaro, wannan ba waƙa ba ce, rasit ne.

Na Hindawiyya
Ku ƙyale yaro, gaskiya ya faɗa. Hajiya kuwa har yanzu ita ke kan gaba, biyu babu ko ɗaya.

Baban Karantina
Alƙalin da ke cin zobon kyauta kowace Juma'a ba ya yanke mana hukunci, mu 'yan Jidda.

Ɗan Misfala
Ku gafarce ni, kwana biyu ina fama da baƙi 'yan Umara daga gida. Na dawo.

Hajiya kin gan ni da katan, haka ne,
Ke me ya kai ki bakala da tsakar dare?
Mai zobo in ta yarda da zobonta,
Me take nema gun kwalabe a jere?
Malam kuwa, na ji ka a harabar masallaci,
Kana neman takalmi, waƙar kake ta murde-murde.

Malam Mai Aruli
Auna ta nake yi. Kuma "murde-murde" ba ta amsa "jere".

'Yar Jarwal
Sukari na je saye, Alhaji. Amsarka tana zuwa bayan sahur, yanzu tukunya na kan wuta.